Ƙafa Biyu, Ƙafa Huɗu ko Mai Keji: Wanne Ya Dace da Gonar Kan Tudu?

Wanda gonarsa ko makiyayarsa take a shimfiɗaɗɗen fili ba shi da doguwar shawara a kan abin hawan da zai saya, duk wanda aljihunsa ya ɗauka zai yi masa aiki. Mai gona a kan tudu ba haka yake ba. Kullum sai ya hau ya gangara, ya ratsa gefen tsauni yana duba shinge, yana kora dabbobi, yana kai abinci ko maganin feshi, kuma galibi shi kaɗai, a inda ko ya yi ihu ba mai ji. Abin hawa uku ne a gabansa: babur mai ƙafa biyu da aka ƙera don gona, da babur mai ƙafa huɗu wanda ake kira kwad, sai ƙaramar motar gona mai sitiyari da kejin ƙarfe, wadda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa a cikinta. Ita wannan ta ukun, mai keji zan riƙa kiran ta.

Gara in faɗi inda na karkata tun yanzu. A kan gangare, abin hawan da ido ya fi yarda da shi, shi ya fi yaudara. Babur mai ƙafa biyu ba ya ɓoye halinsa, kowa ya san yana kayarwa, shi ya sa ake hawansa a tsanake. Kwad kuwa yana tsaye da kansa ko ba kowa a kai, wanda bai taɓa koyo ba ma yana iya tayar da shi ya ja, sai mutum ya saki jiki. Wannan sakin jikin ya raba iyalai da yawa da masu ciyar da su. Duk da haka kowanne cikin ukun yana da wurin da ya fi sauran, kuma abin da nake so mu rarrabe ke nan.

Da me za a auna su?

Ma'auni na farko, wanda ya kamata ya rinjayi sauran, shi ne abin da zai sami jikinka ranar da abin ya kife. Duk wanda ya daɗe yana aiki a tudu, wata rana tayarsa za ta faɗa ramin da ciyawa ta rufe, ko ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. A ranar, kilo nawa ne zai biyo ka? Akwai abin da zai tare shi kafin ya kai ƙirjinka?

Na biyu shi ne wurin da ya fi ko'ina muni a hanyar da kake bi, a lokacin da ya fi santsi. Mutane sukan ce ai gonar yawancinta a miƙe take. Ba a yawancin ake kifewa ba. A ɗan wurin nan ne na mita 20 inda hanya ta ratsa bakin kwari, da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Da wannan wurin za ka auna abin hawa.

Akwai ƙa'ida guda da ta haɗa ukun, kuma in ka fahimce ta sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Kowane abin hawa yana da wurin da nauyinsa ya taru, tare da naka da na kayan da ka ɗora. Muddin wannan wurin yana tsakanin tayoyi, kana tsaye. Da zarar karkacewar ƙasa ta fitar da shi bayan tayoyin da ke gefen gangare, an kife. Abubuwa biyu ke ba ka sarari: faɗin da ke tsakanin tayoyi, da kusancin nauyin da ƙasa. Duk abin da ka ɗora a sama yana rage wannan sarari, haka gudu, haka ɗan dutsen da tayar gefen tudu za ta taka ta ɗaga.

Sai kaya: me kake ɗauka kullum, busasshe ne ko ruwa? Sai mahayi: kai kaɗai ne, ko akwai ma'aikaci sabon ɗauka, ko dattijo da gwiwa ta fara ciwo, ko yara a gidan da makulli ba ya ɓoyuwa gare su? Sai kuɗi, na saye da na mai da na bakanike, da shekarun da abin zai yi yana aiki. Na ƙarshe shi ne nisan da ke tsakaninka da taimako. Raunin da mutum zai warke daga gare shi in an same shi cikin rabin awa, shi ne zai kashe shi in sai dare aka fara nemansa.

Babur mai ƙafa biyu

Ba kowane babur ne na gona ba. Waɗanda aka ƙera don wannan aiki, irin su Yamaha AG200 da takwarorinsa na Honda da Suzuki, suna da giyar farko mai sanyin tafiya da za ka bi bayan garke da ita injin bai mutu ba, da kariyar ɗora kaya gaba da baya, da ƙarfen da ke kare yatsu daga rassa. Wasunsu sarƙarsu a rufe take saboda laka, kuma suna da ƙarfen kafewa dama da hagu, tunda a kan gangare ba kai ke zaɓar gefen da za ka jingina ba. Nauyinsu yana tsakanin kilo 110 da 130 ko kusa da haka.

Abin da ya fifita shi a tudu shi ne yana iya zama a miƙe ko da ƙasar ta karkace. Tayoyinsa a layi ɗaya suke, don haka siririyar hanyar da dabbobi suka tattake ta ishe shi. Mai ratsa gefen tudu yakan danna matakin ƙafar da ke gefen gangare, ya ɗan karkata babur ɗin wajen tudu, sai tayoyi su ƙara cafke ƙasa. In abin ya ƙi, ya faɗi wajen tudu, babur ya zame ƙasa shi kaɗai. Ko da ya danne maka ƙafa, mutum mai lafiya yakan iya ture shi ya zare.

Aibinsa a fili yake: yana yawan kayarwa. Targaɗe, karayar idon sawu, gwiwa, wuyan hannu da kafaɗa, ƙunar salansa, duk nasa ne. Inda yake kisa kuwa, galibi kai ne ya bugi dutse ko turken shinge babu hular kwano, ko mutum yana gudu idonsa na kan saniyar da ta ɓalle bai ga rami ko waya ba. A gangarawa kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko yumɓu, tayar gaba takan zame ba sallama. Abin yi shi ne ƙaramar giya, a bar injin ya riƙe, a taɓa birki biyun a hankali, kada a matse kuloci a sake shi ya yi ta gudu da kansa. Wannan gwaninta ce da ba a samu a rana ɗaya, kuma tana son ƙarfin jiki da ƙafar da ke kai ƙasa.

Ba abin ɗaukar kaya ba ne. Igiya, filaya, ɗan ƙunshin waya, jakar magani, shi ke nan. Ta wajen kuɗi kuwa babu kamarsa: shi ya fi araha, shi ya fi ƙarancin shan mai, injinsa kowane bakaniken babur ya san shi, kuma in ana kula da baƙin mai da sarƙa da birki yana daɗewa ƙwarai.

Kwad

A nan zan daɗe, domin a nan ne yawancin masu saye suke karkata, kuma a nan ne asarar rai ta fi yawa.

Asalinsa mai ƙafa uku ne. Honda ta fito da irinsa a 1970, ya karɓu sosai, ya kuma yi ta kifewa da mutane har aka daina sayar da sababbinsa a Amurka bayan yarjejeniyar 1988 tsakanin gwamnati da kamfanonin. Kafin nan Suzuki ta riga ta fito da mai ƙafa huɗu a farkon shekarun 1980, shi ne ya gaji wurin. Ƙafa ta huɗu ta rage matsalar, ba ta kawar da ita ba, domin abin ya ci gaba da zama gajeren faɗi, mahayi kuma a can sama.

Ba banza manoma suke son sa ba. Yana shiga laka, yana ɗaukar kaya gaba da baya, yana jan ƙaramar tirela, hawa da sauka ba wuya ga wanda zai buɗe ƙofar shinge sau da yawa a rana, kuma ba ya neman ka sa ƙafa a ƙasa. A fili ko tudu mai sauƙi, abokin aiki ne na gaske.

Matsalar tana farawa ne idan ka ratsa gangare a kaikaice. Kwad ba ya iya miƙewa kamar babur, yadda ƙasa ta karkace haka zai karkace. Abin da ke hana shi kifewa shi ne jikinka. Shi ya sa kujerarsa take da tsawo: a hawa ka matsa gaba ka rusuna kan hannuwan, a gangarawa ka ja baya, a ratsawa ka kai nauyinka gefen tudu. Da yawansu tayoyin bayansu sanda guda ce ta haɗa su suna juyawa tare, don haka ko kwana ma sai da taimakon jiki. Wanda ya zauna daram kamar a kujerar mota bai hau shi daidai ba, ko da shekara goma ya yi yana hakan bai faɗi ba. Kuma doguwar kujerar nan ba wurin goyo ba ce. Fasinja yana ƙara nauyi a sama da baya, yana kuma tare wurin da mahayi zai matsa.

Kwad ɗin aiki yakan kai kilo 250 zuwa 400 kafin a ɗora masa komai. In ya kife gefe, yakan jefar da mahayi ƙasa wajen gangare, sannan ya biyo shi. Idan ya sauka a ƙirji, mutum ba lallai ya karye ba, amma ƙirjin ba zai iya buɗewa ya ja iska ba, kuma babu mai iya ɗaga kilo 300 yana kwance a ƙarƙashinsa. 'Yan mintoci ne. Abin da ke tayar min da hankali a wannan mutuwar shi ne ba ta buƙatar gudu. Tana samun dattijo mai natsuwa yana tafiya a hankali yana feshi, kamar yadda take samun matashi mai ganganci.

Kaya su ne suka fi jawo ta. Kowace kariyar ɗora kaya tana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta, a wasu matsakaita bai wuce kilo 30 a gaba da kilo 60 a baya ba. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ke nan tankin feshi mai lita 100 ya wuce iyaka tun kafin a lissafa nauyin tankin kansa da famfonsa. Tankin da ya yi rabi kuma ya fi cikakke haɗari. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa rabi a ka ya san yadda ruwan ke kai shi inda bai yi niyya ba. Haka yake a kan kwad: ka karkata, ruwan ya kwararo gefen gangare a daidai lokacin da kake buƙatar nauyin a ɗaya gefen. Tirela mai kaya babu birki ita ma takan turo bayan kwad a gangarawa har ta juya shi.

Akwai wani ƙaramin abu da ake rainawa, iskar taya. Tayoyin kwad iska kaɗan suke ɗauka, wadda ma'aunin tayar mota ba ya nunawa daidai, sai da nasu ma'aunin. Taya ɗaya ta ɗan fi 'yar'uwarta laushi ya isa ya sa abin ya riƙa ja gefe guda, kuma in mai laushin ce ta faɗo gefen gangare, ta ƙara maka karkata.

Idan injin ya mutu ko taya ta kasa a tsakiyar hawa, kada ka bar shi ya gangara da baya kana kai, kada kuma ka danna birkin baya da ƙarfi yana cikin komawa, gaban ne zai tashi ya rufto maka. Akwai yadda ake kulle birki, a sauka ta gefen tudu, a juya shi a hankali mutum na tsaye sama da shi. A wurin horo ake koyon wannan, kafin ranar buƙata.

Ostireliya, inda kwad ya yi shekaru yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gona, ta kafa masa doka a 2019 ƙarƙashin hukumar kare masu saye ta ACCC. Daga Oktoban 2020 kowane sabon kwad sai an rataya masa takardar da ke nuna digirin da yake fara ɗaga taya a gwaji. Daga Oktoban 2021 kuma na aiki sai ya jure karkatar digiri 28.81 a gefe da 38.65 gaba da baya, sannan a ɗaura masa ƙarfen kare mahayi. Ƙarfen nan, irin su Quadbar da ATV Lifeguard, a baya ake kafa shi, aikinsa ya tokare ƙasa in an kife ya bar sararin da mutum zai yi numfashi ko ya ja jiki ya fita. Manyan kamfanoni, cikinsu har da Honda da Yamaha, ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ƙarfen yana iya bugun mahayi ko ya hana shi tsalle ya rabu da abin, har suka gwammace daina sayar da kwad ɗin aiki a ƙasar. Hujjar ba wofi ba ce, ƙarfen yana iya maƙalewa a reshe, kuma ba ya hana kifewa. Amma ni a ganina, ga mai aikin gona a hankali a kan tudu shi kaɗai, dannewa ce babbar barazana, kuma ƙarfen ita yake magancewa. Ba zan sa kowa ya hau kwad a gangare babu shi ba.

A kula da lambar da ke takardar. Gwajin a kan teburi mai karkatawa ake yin sa, abin a tsaye, babu gudu, babu rami, babu tanki. Ta dace da kwatanta wannan kwad da wancan a wurin saye. Wanda ya ɗauke ta a matsayin izinin hawa gangare mai wannan digirin ya cuci kansa, domin a ƙasa ta gaske ana kifewa tun ba a je kusa da ita ba.

Kuɗin kwad yakan ninka na babur ɗin gona, gyaransa ma ya fi yawa: tayoyi huɗu, birki, robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafa waɗanda ƙaya ke yagawa laka ta shiga. Yana da ƙarko in ba a wuce masa iyakar kaya ba. Kamfanonin da kansu sun rubuta a jikinsa cewa na manya ba na wanda bai kai shekara 16 ba ne.

Mai keji

Ta fi kwad faɗi da tsawo, direba yana zaune a cikinta maimakon a kanta, don haka ta fi jure karkata. Ba ta neman ka yi ta matsa jiki, sitiyari ne da totur da birki. Kejin an yi shi ne ya ɗauki nauyinta in ta kife. Tana da akwatin kaya a baya mai ɗaukar ɗaruruwan kilo, da kujerar fasinja ta gaskiya. Ga tankin feshi, buhuna, turakun shinge, ko ɗaukar ɗan maraƙin da ya kasa tafiya, ita ce aka yi don aikin.

Sai dai duk amincinta a kan abu ɗaya ya rataya: mutum ya kasance cikin kejin har ta gama juyawa. Bel ɗin kujera da ƙofa ko raga su ke tabbatar da haka. Wanda bai ɗaura bel ba, in ta kife, rabin jikinsa ke fita, sai kejin da aka yi don kare shi ya sauka a kansa, ga shi nauyinta yakan fara daga rabin tan ya yi sama. Wasu kamfanonin sun sa na'urar da ke hana ta gudu sosai in ba a ɗaura bel ba, sai ma'aikata suka koyi ɗaura shi ta bayansu su zauna a kai don kada ya dame su wajen sauka buɗe shinge. Wasu kuma su cire ƙofofin gaba ɗaya. In ka san haka za a yi a gonarka, kuɗin da ka ƙara ka sayi mai keji bai sayo maka kariya ba. Akwai kuma halin ɗan Adam na miƙa hannu ko ƙafa ya tare faɗuwa. A cikinta hannu biyu a sitiyari suke zama, ƙafa a ciki, fasinja ya riƙe makamar da aka yi masa.

Faɗinta yana da nasa aibin. Tana son hanya, kuma a tudu hanya sai an sare ta an riƙa gyara ta bayan ruwa. Inda gefen hanya ya zaizaye, nauyinta yana iya rufta shi. Wasu waɗanda giyarsu da bel ɗin roba na inji take aiki, in ka ɗaga ƙafa daga totur a gangarawa sukan saki injin su tafi da kansu, don haka a sa ƙaramar giya tun daga sama, kuma a tambayi mai sayarwa ko wannan samfurin injinsa yana riƙewa a gangare. Kayan da aka tula sama a akwati suna cinye fifikon da take da shi, kuma akwatin ba wurin zaman mutane ba ne.

Ita ta fi tsada da nisa, ta fi shan mai, gyaranta ya fi kusa da na mota.

| Ma'auni | Ƙafa biyu | Kwad | Mai keji |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi araha | Matsakaici | Mafi tsada |
| Mai da gyara | Kaɗan, da sauƙi | Matsakaici | Da yawa |
| Ƙarko | Yana daɗewa | Yana daɗewa in an kiyaye iyakar kaya | Tana daɗewa in ana kula da ita |
| Nauyi | Kilo 110 zuwa 130 | Kilo 250 zuwa 400 | Rabin tan zuwa sama |
| Koyo | Da wuya tun farko | Sauƙin ja, wuyar ƙwarewa | Da sauƙi |
| Ratsa gangare | Ya dace ga gwani | Mafi rauni | Ta fi kwad, tana son hanya |
| Kaya | Kaɗan ƙwarai | Matsakaici | Da yawa |
| Fasinja | A'a | A'a | I, da bel |
| Yawan faɗuwa | Sau da yawa | Jefi-jefi | Ba safai ba |
| In an kife | Karaya, bugun kai | Dannewa, toshewar numfashi | Kariya da bel, dannewa babu bel |

Abin da ba ya sauyawa ko wanne ka saya

Hular kwano, a ɗaure igiyarta. Takalmi mai rufe idon sawu. A duba birki da taya kafin fita. A cire makulli a ajiye inda yara ba sa kaiwa. Wanda zai fita shi kaɗai ya faɗi inda za shi da lokacin dawowa, kuma na gida su san cewa in lokacin ya wuce fita nema za su yi, ba jira ba. Waya ko rediyo ko na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan Adam a jiki ake ɗaura su. Wadda aka ajiye a kariyar babur ba ta da amfani ga wanda babur ɗin ya danne ko ya bar shi a baya.

Akwai kuma bambanci tsakanin kasadar da mutum ya ɗauka wa kansa da wadda ya ɗora wa wani. Mai gona ya san kowane rami a ƙasarsa, ma'aikacin da ya zo makon jiya bai sani ba, kuma kunya ko tsoron rasa aiki ba za su bar shi ya ce wannan gangaren ya fi ƙarfinsa ba. A Niyu Zilan dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 2015 ta ɗora nauyin kare ma'aikaci a kan mai sana'ar, a Birtaniya ma doka ta wajabta horar da wanda zai yi aiki da kwad. Ko babu dokar da za ta kama ka, haƙƙin yana wuyanka. Ka zagaya da shi ka nuna masa wuraren da ba a bi, ka kuma gaya masa da bakinka cewa in ya ajiye abin hawa ya ƙarasa da ƙafa ba zai ji faɗa ba. Gaggawa da gajiyar yamma su ke sa mutum ya yanke ta gefen tudu maimakon ya zagaya.

Wa ya dace da wanne?

In aikinka kora dabbobi ne da duba shinge a tudu mai tsayi da siraran hanyoyi, kana da ƙarfin jiki, ka iya babur ko kana shirye ka koya sosai, ɗauki mai ƙafa biyu. Za ka faɗi jefi-jefi, don haka kuɗin da ka rage ka sa a hula da takalmi na ƙwarai.

In kaya ne yawancin aikinka, musamman ruwa da feshi, ko kana ɗaukar wani tare da kai, ko masu tuƙin suna da yawa kuma gwanintarsu ba ɗaya ba, mai keji ce taka, da sharaɗin bel da ƙofa ba sa cikin abin da ake sasantawa a kai, kuma ka ware kuɗin gyara hanya. Haka dattijon da jiki ya daina ba shi damar matsawa gaba da baya da sauri: lokacin barin kwad ya yi, ko da shi ya fi kowa sanin gonar.

Kwad ya dace da gonar da yawancinta fili ne ko tudu mai sauƙi, da laka, da ƙananan kaya busassu, da mahayi baligi guda wanda aka horar, da ƙarfen kariya a baya. In gangarenka na dole sai an ratsa shi a kaikaice da kaya, cire shi daga lissafi.

Wanda kuɗinsa bai kai mai keji ba kuma yana da kayan ɗauka, ya fi masa ya sayi mai ƙafa biyu don zirga-zirga, kayan kuma ya kai su da tarakta ko mota ta doguwar hanya har inda take iya kaiwa, da ya tula su a kan kwad. Gona babba mai ma'aikata takan haɗa biyu, babur don kiwo, mai keji don kaya. Wuraren da suka fi tsayi kuwa, waɗanda ko a tsaye sai ka dafa ƙasa, a yi musu alama a taswirar gona a bar su ga ƙafa, doki da kare.